Ajiye Karatu a Cikin Gida: Yadda Wuri da Hoto Ke Taimaka wa Hadda

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta riƙe abubuwa da ƙarfi ɗaya. Jerin sunaye ko lambobi da aka karanta da safe yakan zube kafin la'asar, amma fasalin gidan da mutum ya tashi a ciki, da inda randa take, da lungun da ake jingine tabarmi, duk suna nan daram ko da an shekara ashirin ba a taka gidan ba, alhali ba wanda ya taɓa zama ya haddace su. A kan wannan bambanci aka gina wasu tsofaffin dabarun karatu. Abin da ke da wuyar riƙewa sai a mayar da shi hoto a zuci, a ajiye hoton a wani wuri da aka sani ciki da waje, in buƙata ta taso a sake bin wurin da tunani ana kwasar abin da aka ajiye. Wannan ita ce dabarar wurare, wadda wasu ke kira fadar ƙwaƙwalwa. Tana kuma da 'yan uwa, irin su riƙe siffar shafi, da zana darasi, da bai wa lambobi kamanni.

Inda ta samo asali

Marubutan Rum sun danganta ta ga wani mawaƙin Girka mai suna Simonidis, wanda ya rayu tsakanin ƙarni na 6 da na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A labarin da suka kawo, an gayyace shi walima gidan wani mai hali a yankin Tasaliya, ana tsakar cin abinci aka yi sallama da shi a waje. Fitarsa ke da wuya rufin ɗakin ya rufta a kan baƙi, ya niƙe su har danginsu suka kasa shaida gawarwakin. Simonidis ya tsaya ya tuno yadda aka zazzauna, wane kusa da wane, da haka ya nuna wa kowa mamacinsa. Daga nan ne, in ji masu labarin, ya gane cewa wuri yana riƙe wa mutum jeri. Tun zamanin Rumawa ana saɓani a kan garin da abin ya faru, don haka labarin ya fi kusa da hikaya. Ita dabarar kuwa ta tabbata a rubuce.

Littattafai uku na Rumawa suka adana ta. Akwai wani littafin koyar da fasahar jawabi, Rhetorica ad Herennium, wanda aka rubuta shekara tamanin da wani abu kafin haihuwar Annabi Isa, ba a kuma san marubucinsa ba. Akwai na Sisero, na shekara ta 55 kafin haihuwar, sai na Kwintiliyan, wajen shekara ta 95 miladiyya. Buƙata ce ta sa suka damu da ita: lauya ko ɗan majalisa yakan tsaya gaban jama'a ya yi dogon jawabi ba takarda a hannunsa, kuma tilas hujjojinsa su zo a jere, kowace a muhallinta.

Ƙa'idojin da littafin farko ya shimfiɗa har yau ba su tsufa ba. Ya ce a zaɓi wuraren da babu cunkoson mutane, domin kai-komo yana dagula hoto. Kada wuraren su yi kama da juna, kamar jerin ginshiƙai iri ɗaya. Kada haske ya yi yawa, kada kuma duhu ya rufe su. Tsakanin wuri da wuri a bar tazara matsakaiciya, kimanin ƙafa talatin. A kowane wuri na biyar a sa wata alama, misali hannun zinariya, domin mutum ya san inda yake a lissafi. Game da hotuna kuwa, marubucin ya lura da abin da kowa ya sani a rayuwarsa: fitowar rana ba ta ba kowa mamaki saboda kullum ana ganinta, amma kusufi ba a mantawa da shi. Don haka ya ce hoton ya zama mai motsi, ko mai tsananin kyau, ko mai tsananin muni, ko abin dariya.

Dabarar ta ratsa makarantun Turai na tsakiyar zamani, har wani malamin Kirista ɗan Italiya, Matteo Ricci, ya kai ta ƙasar Sin, inda a 1596 ya rubuta ɗan littafi a kanta domin 'ya'yan wani gwamna masu shirin jarrabawar aikin gwamnati. Ba Turawa kaɗai suka gano sirrin ba. Mutanen Luba na kudu maso gabashin Kongo suna da wani ƙaramin allon katako da ake kira lukasa, wanda ake kakkafa wa duwatsun ado da kuɗin wuri. Masanin tarihinsu yana bin su da yatsa, kowane dutse da launinsa da inda aka kafa shi yana tuna masa sarki, ko ƙaura, ko wani wuri mai alfarma.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan lanƙwasasshen sashe da ake kira hifokamfas, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Shi ne ke da babban hannu wajen kafa sabon tunawa, shi ne kuma ke zana wa mutum taswirar inda yake. A 1971 John O'Keefe, yana bincike a Landan, ya gano cewa a wannan sashe na ɓera akwai ƙwayoyin jijiya da ba sa motsawa sai ɓeran ya isa wani takamaiman wuri. In ya matsa gaba sai wasu su karɓa. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser, a ƙasar Norway, suka gano wasu ƙwayoyin a maƙwabcin sashen, masu auna nisa da alkibla. Su ukun sun raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2014. Abin lura a nan shi ne, sashen da ke riƙe wurare da wanda ke kafa tunawa da abubuwan da suka faru gida ɗaya suke.

Wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta bi wannan zare a jikin mutane. Direban baƙar tasi a Landan ba ya samun lasisi sai ya haddace tituna kimanin 25,000 na tsakiyar birnin, karatun da kan ci shekara uku zuwa huɗu. A 2000 ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu daga cikin direbobin, ta tarar ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. Bayan haka ta juya ga gwanayen hadda guda goma, akasarinsu 'yan gasar hadda ta duniya wadda aka fara a Landan a 1991. Ba ta same su da wata basira da ta wuce ta mutane ba, ginin ƙwaƙwalwarsu ma bai bambanta ba. Bambancin yana ga yadda suke aiki da ita: tara daga cikin goman suna amfani da dabarar wurare, kuma in suna hadda sassan gane hanya ne ke tashi.

Gwajin da ya fi shafar ɗalibi shi ne na Martin Dresler da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 2017. Sun ɗauki mutanen da ba su taɓa koyon wata dabarar hadda ba, suka horar da wasunsu rabin sa'a kullum har kwana 40. Kafin horon, daga jerin kalmomi 72 suna iya dawo da kimanin 26. Bayan horon suna dawo da kimanin 62. Da aka sake gwada su bayan wata huɗu, har yanzu suna gaban waɗanda ba a horar ba. Wannan ya isa ya kawar da zaton cewa abin baiwa ce ta 'yan tsiraru.

Shi ma hoto yana da nasa ƙarfin. A 1973 Lionel Standing ya nuna wa mutane hotuna 10,000 cikin 'yan kwanaki, kowane na 'yan daƙiƙu. Da aka riƙa haɗa musu tsohon hoto da sabo, sun nuna wanda suka taɓa gani daidai a kusan kashi 83 cikin 100. Gane abu in an sake ganinsa ya fi tuno shi da ka sauƙi ƙwarai, kuma jarrabawa na biyun take nema. Aikin wuri ke nan a cikin dabarar: shi ke kai mutum gaban hoton, ba sai ya tsaya lalube ba.

Yadda ake gina ta

Matakin farko shi ne zaɓen hanya, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke gaggawa. Gidan da aka fi sani shi ya fi dacewa. A tsayar da tashoshi goma a jere yadda ƙafa ke bin su, kullum ta fuska ɗaya, ba tsallake ba komawa baya. A gida irin na gargajiya za su iya zama: ƙofar gida, dakalin zaure, ƙofar shiga ciki, turken awaki, rijiya, turmi, murhu, rumbu, igiyar shanya, da ƙofar ɗakin uwargida. Kafin a ɗora musu komai, a bi su da ido rufe daga farko zuwa ƙarshe, a kuma dawo da baya, har sai ba a tuntuɓe.

A ɗauki ɗalibin kimiyya mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO, wanda ake so ya riƙe sinadaran farko na jadawalin sinadarai bisa lambobinsu. Na ɗaya haidirojin, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin rana, sai ya ga rana da kanta ta sauko ta tokare ƙofar gida, katakon ƙofar yana hayaƙi. Na biyu hiliyam, iskar da ke ɗaga balan-balan: an ɗaure wa dakalin zaure balan-balan masu yawa har ya tumɓuke yana lilo a sama. Na uku litiyam, wanda ake batirin waya da shi: wani ƙaton batiri ya kumbura ya toshe ƙofar shiga ciki, sai an raɓa ake wucewa. Na huɗu beriliyam ba shi da wani amfani da ɗalibin ya sani, saboda haka sai ya kama sautin sunan, ya ga ɓera mai girman bunsuru ɗaure a turke yana tuƙa. Na biyar boron, shi ma ta sauti: an ja guga daga rijiya ya fito cike da barkono, mai jan yana ta atishawa. Na shida kabon, gawayi ake dakawa a turmi, baƙar ƙura ta turnuƙe tsakar gida. Na bakwai naitirojin, buhun takin yuriya aka ɗora a kan murhu maimakon tukunya. Na takwas oksijin, tukunyar iska irin ta asibiti ta fasa hular rumbu ta leƙo. Na tara fulorin, an matse man goge baki a kan igiyar shanya yana ɗiga a kan wanki. Na goma niyon, jan fitilar talla tana walƙiya a ƙofar uwargida.

Wanda ya bi wannan jeri sau ɗaya da natsuwa zai iya faɗinsa daga farko ko daga ƙarshe, in kuma aka tambaye shi sinadari mai lamba 7, sai ya tsaya a murhu. Abubuwa biyu ne suka sa ya kama. Na farko, kowane hoto yana taɓa wurinsa, yana ƙona shi, ko toshe shi, ko ɓata shi. Hoton da aka ajiye a gefe kawai ba ya daɗewa. Na biyu, ba ido kaɗai aka sa aiki ba, akwai zafi, da yaji a hanci, da ƙura a maƙogwaro. Hoton da ɗalibi ya ƙirƙira da kansa kuma ya fi wanda aka ba shi zama, domin wahalar neman hoton ita kanta rabin haddar ce.

Kurakuran da ake yi an gan su ƙarara a wurin wani ɗan jarida na Mosko, Solomon Shereshevsky, wanda masanin ƙwaƙwalwa Alexander Luria ya shafe kusan shekara talatin yana nazarinsa. Mutumin yakan jera kalmomin da aka ba shi a gefen titin Gorki, yana tafiya a zuci yana ajiyewa. Da wuya ya manta, amma wani lokaci yakan tsallake kalma. Da aka bincika, sai ya bayyana cewa ya jingina fensir a jikin shinge, ya saje da sandunan shingen, ya wuce bai gan shi ba. Wata rana kuma ƙwai ya ajiye a jikin farin bango. Maganin da ya samo shi ne ya ƙara wa abu girma, ya sa shi inda ya bambanta da bayansa, in wurin da duhu ya kawo fitila.

Lambobi tsirara ba su da hoto, sai an ba su. Hanya mafi sauƙi ita ce ta kamanni: 1 taɓarya, 2 agwagwa, 7 fartanya, 8 tabarau, 9 ludayi, 0 ƙwai. Ɗalibin tarihi da ke son riƙe 1979, shekarar da Nijeriya ta shiga jamhuriya ta biyu, ya ishe shi ya buɗe akwatin zaɓe a zuci ya tarar da fartanya a sama, ludayi a ƙarƙashinta, wato 79.

Shafi ma wuri ne

Kwintiliyan, duk da ya bayyana dabarar wurare dalla-dalla, bai sakar mata jiki gaba ɗaya ba. Ya yarda tana da amfani ga jerin abubuwa, amma ya yi shakkar ta ga haddar magana kalma bayan kalma, domin kalmomi irin su "kuma" da "amma" ba su da hoto, kuma nauyin ya zama biyu, ga kalmomi ga hotuna. Abin da ya fi ba da shawara a kai shi ne mutum ya yi hadda daga allon da ya rubuta da hannunsa, kada ya sauya shi, saboda ido yana riƙe shafi da layi, har mai jawabi ya ji tamkar karantawa yake.

Wannan shawara ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san makarantar allo. Almajiri da hannunsa yake rubuta allonsa, malam ya duba ya gyara, ya yi ta biyawa yana kallon rubutun nasa, ba ya wankewa sai karatun ya zauna. Masu hadda da bugaggen Alƙur'ani kuma malamai sukan hana su sauya bugu. Mus'hafin Madina, rubutun Usman Taha, wanda maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a 1984 take bugawa, yana da shafi 604, layi 15 a kusan kowane shafi, kuma an tsara shi yadda shafi zai fara da farkon aya ya ƙare da ƙarshen aya. Mahaddaci yakan san cewa aya kaza tana saman shafin dama, wata mai kama da ita tana ƙasan shafin hagu, kuma wannan sani yana raba masa ayoyi masu kama da juna. Ginshiƙin haddar nassi dai shi ne ji daga bakin malami da yawan tilawa. Siffar shafi mataimakiya ce. Hotunan ban dariya irin na sinadarai ba su da muhalli a nan.

Ɗalibin boko zai iya cin wannan riba a littafin rubutunsa. Shafin da aka cika da rubutu iri ɗaya daga sama har ƙasa ba ya ba ido abin kamawa. Wanda aka raba shi, ma'ana a kusurwa ɗaya cikin akwati, misali a wata kusurwa, ƙa'ida da jan biro a tsakiya, shi ne ke dawowa a zauren jarrabawa. Zane ya fi haka ƙarfi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun ba mutane kalmomi, wasu su zana, wasu su yi ta maimaita rubutawa cikin lokaci ɗaya. Waɗanda aka zana su aka fi tunawa nesa ba kusa ba, kuma kyan zanen bai shiga lissafi ba. Darussan da asalinsu wuri ne, kamar zagayen jini a zuciya ko kogunan ƙasa, ba sa buƙatar a kai su wani gida. A zana su da ka a kan farar takarda, a buɗe littafi a gwada, a gyara, a sake.

Iyakarta

Dabarar wurare tana riƙe jeri da sunaye; ba ta koyar da dalili. Ɗalibin da ya san kabon ne na shida bai san abin da ya sa yake haɗuwa da wasu sinadarai ta hannu huɗu ba, kuma tambayoyin da ke ɗauke da maki mai yawa irin wannan suke nema. Shi kansa Shereshevsky, duk da haddarsa, yakan sha wuya wajen gane magana mai zurfi, domin kowace kalma tana jefo masa hoto, hotunan su yi ta karo har ma'anar ta ɓace. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a fahimci darasi tukuna, a tace shi zuwa 'yan kalmomin da ke ɗauke da shi, sannan a kai su gida. Kanun amsar tambaya mai tsawo, matakan gwaji a ɗakin kimiyya, jerin ƙasusuwa ko jijiyoyi, sassan doka, tsarin jawabi, nan ne take da amfani. Lissafi kuwa sai da yawan warware tambayoyi.

Hoto kuma yana kodewa in ba a ziyarce shi ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan ta lafa. A 2013 John Dunlosky da abokansa suka auna hanyoyin karatu goma da ɗalibai ke bi. Biyu kawai suka samu babban matsayi: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kan kwanaki. Maimaita karantawa da ja wa layi launi sun zo ƙasa, haka ma ƙirƙirar hoto don riƙe dogon rubutu. Wannan bai rushe dabarar wurare ba, ya dai nuna inda ƙarfinta yake: bin hanyar a zuci, littafi a rufe, shi kansa gwada kai ne. A bi ta daren da aka gina ta, a sake washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Duk tashar da aka tarar fanko, a koma littafi, a sauya hoton da wanda ya fi shi ƙarfi.

Akwai mutanen da ba sa iya ganin hoto a zuci sam, yanayin da likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman na Jami'ar Exeter ya bayyana a 2015. Su ma sanin wuri da alkibla bai kuɓuce musu ba, don haka za su iya bin hanyar da ƙafa, suna taɓa kowace tasha suna faɗin abin da ke wurin da baki, ko su zana taswirar gidan a takarda su rubuta a kai.

Matsala ta ƙarshe ita ce ƙarancin wuri. In aka ɗora sabon darasi a kan hanyar da tsohon bai gama kodewa ba, hotunan sukan cakuɗe, a je murhu neman wata doka a tarar da buhun taki. 'Yan gasa sukan bar hanya ta huta kwanaki kafin su sake amfani da ita, amma abin da ake so ya zauna har jarrabawa ko har abada, hanyarsa ta zama tasa shi kaɗai. Kowane darasi a ba shi gidansa: kimiyyar sinadarai a gidan iyaye, tarihi a gidan kaka, ilimin halittu a hanyar makaranta daga bakin titi zuwa ƙofar aji. A rubuta jerin tashoshin kowace hanya a bayan littafin darasin, da lambobinsu, domin in an ƙara wasu goma a gaba a san daga inda za a ɗora.